Ƙarfe Nawa, Kuma a Agogon Wa?

Ƙannena masu rubuta manhaja a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, waɗanda suka fito daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da waɗanda suka koya da kansu a kan waya cikin dare, lokacin da rezo ke sauƙi: ina da magana da ku a kan gurbi guda a rumbun bayananku. Gurbin da kukan bari sai ƙarshe, ku cika shi a gurguje bayan kun gama da suna da lambar waya da kuɗi. Gurbin lokaci nake nufi.

Aikinku ya fara shiga rayuwar jama'a. Wannan ya yi wa kantin magani manhajar lissafi, wancan ya yi wa ƙungiyar manoman aya rajistar buhuna, waccan ta yi wa makarantar kuɗi shafin rubuta ɗalibai. Duk wanda ya karɓi irin wannan aiki ya karɓi amanar da a da take hannun magatakarda mai babban littafi. Bambancin shi ne, magatakarda in ya yi kuskure ana ganin inda ya goge. Kwamfuta kuwa tana yin nata kuskuren tsaf-tsaf, layi bayan layi, ba wanda zai lura sai ranar da mutum biyu suka ɗaga wa juna murya a kan abin da ta rubuta.

Kun taso kuna jin iyayenku suna sauraron sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957, da sauran gidajen rediyon ƙetare. Ku tuna yadda mai gabatarwa ke faɗin lokaci. Ba ya cewa ƙarfe bakwai ya yi shiru. Sai ya ce ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, domin ya san wani yana jinsa daga Kumasi, wani daga Kano, wani daga Jidda. Lokacin da ba a faɗi agogonsa ba rabin magana ne. Agogon nan na GMT shi ne, a aikinmu, wanda kwamfuta ke kira UTC.

Abin da ya shagwaɓa mu shi ne sauƙin da muka samu. Nijar agogo ɗaya gare ta, tun daga Ayoru har Ngigmi, awa 1 gaba da UTC, rani da damina ba a taɓa shi. Haka Najeriya, haka Benin da Cadi da Aljeriya. Ɗan kasuwar da ya tashi daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya shiga Katsina ba ya gyara agogonsa. Shi ya sa yaro zai rubuta manhaja a kan kwamfutarsa, ya gwada, ya ga komai ya hau, ya ɗauka babu wani abin wahala a sha'anin lokaci. Ya manta manhajar ba a kwamfutarsa za ta kwana ba. Uwar garken da ya kama haya tana Faransa ko Jamus ko Amurka, kuma agogonta ko dai UTC ne ko na garin da take.

A ce kanti ne a bakin babban titin da ya taso daga Maraɗi ya ratsa Caduwa da Agye da Gazawa ya nufi Tasawa. Goman ƙarshe na azumi, kasuwa ba ta tashi sai dare ya raba. Ƙarfe 12 yaron kanti ya rufe lissafin ranar, ya ƙirga kuɗi ya miƙa wa maigida. Ƙarfe 12:30 wani ya zo ya sayi buhun sukari, yaro ya shigar a waya, ya ajiye kuɗin a matsayin cinikin sabuwar rana. A agogon UTC kuwa ƙarfe 11:30 ne na daren jiya. Da safe maigida ya buɗe rahoton jiya, ya ga manhaja ta ce an sayar da abin da ya fi kuɗin da ke hannunsa da farashin buhun sukari cif. Wa zai tuhuma? Ba kai da ke zaune a Maraɗi ba. Yaron da ke gabansa zai kalla, kuma yaron ba shi da bakin kare kansa, don mutanenmu sun yarda kwamfuta ba ta ƙarya.

Ku lura, a wannan misalin ajiyar ba ta da laifi. Wurin yanka ranar ne aka yi ɓarna. Ranar Nijar tana farawa ƙarfe 11 na dare a agogon UTC, ta ƙare ƙarfe 11 na daren gobe. Duk rahoton rana ko na wata, a fara juya lokacin zuwa agogon Nijar kafin a tara. Kuma a wajen sa iyaka a ce daga farkon wannan rana zuwa abin da bai kai farkon gobe ba. Wanda ya rubuta 23:59:59 a matsayin ƙarshen rana ya zubar da duk abin da ya faru a cikin daƙiƙar ƙarshe. Sannan ku tambayi maigida, shi a wurinsa yaushe rana ke ƙarewa. Wani sai an rufe kanti, ko da ƙarfe 2 ne. Wannan hukuncinsa ne, ba na mai manhaja ba.

Akwai tarkon da ya fi wannan mugunta, kuma mu da muke yawan kama haya a Faransa shi ya fi kama mu. A lokacin sanyi agogon Faransa da namu ɗaya ne. Ka rubuta manhajarka a Disamba, ka bar ta tana ɗaukar lokaci daga agogon uwar garke, ka gwada a Janairu da Fabrairu, ko minti ɗaya bai kauce ba. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sai Turai ta tura agogonta gaba da awa 1. Daga ranar duk rasit da ka fitar yana gaba da agogon masallacin unguwa da awa guda. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma su dawo da shi baya, sai ƙarfe 2:30 na dare ya zo sau biyu a dare ɗaya, ka samu layi biyu masu lokaci iri ɗaya alhali awa guda ce tsakaninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagewar ba ka ganinta sai watanni bayan ka karɓi kuɗin aikinka.

Saboda haka duk abin da ya riga ya faru a wata daƙiƙa sananniya, biyan kuɗi ne, shigar buhu sito ne, sa hannu ne, a ajiye shi a UTC, a juya shi zuwa agogon mai kallo sai a lokacin nunawa kawai. A PostgreSQL gurbin da ya dace shi ne timestamptz. Ku sani ba ya riƙe sunan yankin da lokacin ya fito, yana mayar da shi UTC ne ya ajiye, don haka in kuna buƙatar sanin yankin sai ku buɗe masa gurbinsa daban. A MySQL iri biyu ne masu kama da juna. TIMESTAMP yana juya lokaci zuwa UTC bisa agogon da aka saita wa haɗin, ya sake juyo shi wurin karantawa. DATETIME kuwa abin da ka ba shi shi zai riƙe, bai san agogon kowa ba, kai ne za ka tabbatar UTC kake zuba masa kullum. SQLite da ke cikin wayoyin Android ba shi ma da gurbin lokaci na musamman, rubutu ne ko lamba. A nan tsarin ISO 8601 ke ceto: shekara, wata, rana, sannan awa, sannan alamar agogo. Cinikin sukarin nan, in a ce daren shiga 30 ga Maris 2025 aka yi shi, za a rubuta 2025-03-29T23:30:00Z, harafin ƙarshe yana nufin UTC. Kada ku ajiye 03/04/25. Wanda ya yi lakwal a nan zai karanta 3 ga Afrilu, manhajar da Ba'amurke ya rubuta za ta karanta 4 ga Maris, kuma dukansu ba za su yi ƙorafi ba.

Agogo uku ke cikin kowace manhajar intanet: na waya, na manhajar kanta, da na rumbu. Laravel yana zuwa a saite kan UTC, Django ma tun fitowar 5.0 yana kula da yankin lokaci ba sai an ce masa ba. Matsala takan zo ne in wani ya ga rasit ya yi baya da awa ɗaya, sai ya je ya ƙara awa a wuri guda, abokin aikinsa ma ya ƙara a wani wurin, a wayi gari an juya lokacin sau biyu. A yanke wuri ɗaya tak inda ake juyawa, a rubuta shi inda duk mai taɓa aikin zai gani.

TIMESTAMP na MySQL yana da iyaka da ya kamata ku haddace. Yana ƙirga daƙiƙoƙi ne daga 1 ga Janairu 1970, kuma ma'auninsa yana cika a 2,147,483,647, wato ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba a agogonmu. Kada ku ce da nisa. Tun bayan dokar karkara ta 1993 ake da kwamitocin ƙasa a ƙauye da kwamin da gunduma, masu rubuta takardun saye da aro da jinginar gona. Yarjejeniyar gona ta shekara 15 da aka sa wa hannu bana ta tsallake 2038. Ta ɗaya gefen kuma dattijon da aka haifa a 1958 ba ya shiga wannan gurbi ko kaɗan.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ku riƙe. Ba kowane lokaci ne daƙiƙa ba. Ranar haihuwa rana ce a kalanda, ba ta da awa, ba ta da agogo. Wanda aka haifa 10 ga Maris 1998 a Gangara, ko ya koma Abijan ko Tarabulus ranar haihuwarsa ba ta motsi. Gurbinta DATE ne, ba wani abu ba. Ga yadda ake ɓata ta. Ɗaliba ta zaɓi 10 ga Maris a shafin rajista. JavaScript ya ɗauke ta a matsayin ƙarfe 12 na dare a agogon Nijar. Mai manhaja, da yake ya ji an ce a ajiye komai a UTC, ya kira toISOString, ta koma 9 ga Maris ƙarfe 11 na dare. Rumbu ya yanke awar ya riƙe 9 ga Maris. In aka buɗe fayil ɗin aka gyara lambar waya aka sake ajiyewa, a wasu manhajojin sai ta sake ja baya zuwa 8. Ranar da za a tura sunayen masu jarrabawar BEPC ko bakaloriya, sai a ga abin da ke takarda bai yi daidai da takardar haihuwa ba. Kun san abin da wannan ke jawowa: uba ya bar gonarsa yana zirga-zirga tsakanin makaranta da ma'aikatar magajin gari da kotu, a kan rana ɗaya da ba shi ya ɓatar ba. Dokar UTC gaskiya ce, amma wanda ya shafa ta a kan ranar haihuwa ya yi amfani da maganin ido a kunne.

Haka ranar da wa'adin bashi ke cika a tsarin ajiyar hatsi a sito a karɓi rance, haka ranar ƙarewar magani, haka ranar komawa rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14. Duk ranaku ne. Kuma in kun ce wa'adi wata 1 ne daga 31 ga Janairu, ku zauna da masu ƙungiyar ku yanke ko 28 ga Fabrairu ake nufi ko kwana 30, kafin kwamfuta ta yanke muku.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba, don ba su san shi ba. A wurinmu dare ke gaba da yini. Matar da ta haihu bayan isha'i ranar Alhamis, in ka tambayi kakar jaririn za ta ce daren Juma'a aka haife shi, kuma ba ta yi kuskure ba, da haka za a kira shi Ɗanjuma, da haka za a ƙirga ranar suna. Ma'aikacin da ya ji Juma'a ya duba kalanda ya shigar da ranar Juma'a ya ƙara wa yaron kwana ɗaya a takarda. Maganin wannan ba a rumbu yake ba, a fuskar manhaja yake. In an zaɓi dare, ta tambaya: kafin ƙarfe 12 ne ko bayansa? Ta kuma nuna sunan ranar kusa da lambarta, don mai shigarwa ya karanta wa mai amsawa a ji ko sun yi daidai.

Kwanan watan Musulunci ma kada ku yarda cewa lissafi zai ba ku shi. Abin da wayoyi ke nunawa galibi kalandar Ummul Ƙura ce ta Saudiyya. A nan sai an ga wata, hukumar addini ta sanar a Yamai, a Najeriya kuma fadar Sarkin Musulmi ta sanar daga Sakkwato, kuma kun sha ganin shekarar da Maraɗi da Katsina ba su ɗauki azumi rana ɗaya ba. In manhajar ta makarantar Islamiyya ce ko ta ɗaurin aure, a ajiye ranar boko a gurbinta, a ajiye ta Hijira kamar yadda aka faɗe ta a wurin, a gurbi na biyu. Kada ɗaya ta haifi ɗaya.

Yanzu ga inda na fi jin nauyin maganar. Mutane da yawa a cikinmu ba su san ranar haihuwarsu ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Ku duba tsofaffin katin shaidar iyayenku, za ku ga an rubuta da Faransanci cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Wannan rubutun gaskiya ne: magatakardan ya faɗi iyakar abin da ya sani. Da kwamfuta ta zo ta ce lallai sai rana da wata, sai aka fara zuba wa kowa 1 ga Janairu, har ya zama in ka buɗe kowace rajista sai ka rantse rabin gari ranar sabuwar shekara aka haife su. Dattijo zai ce maka shekarar El-Buhari aka yi masa aure, wato yunwar 1984. Uwa za ta ce da kaka ta haihu, gero yana kan gona, bayan Sallar layya. Masu binciken tamowa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke yawo da jerin abubuwan da suka faru a yanki don ƙiyasta watannin yaro. Tun 2019 da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji gudun 'yan bindiga, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, da yawansu sun zo ba takarda ko ɗaya. Irin waɗannan mutane ne manhajarku za ta yi wa tambaya.

In gurbinku ya ƙi karɓar komai sai cikakkiyar rana, kun tilasta wa ma'aikaci ya ƙirƙira. Kuma ƙirƙirarren kwanan wata yana yanke hukunci. Tun 2006 aka sa dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina na 'yan wata 3 zuwa 59 ne. Yaron da aka haifa a Nuwamba aka rubuta masa 1 ga Janairu na shekarar, kwamfuta za ta fitar da shi daga layi wata 10 kafin lokacinsa, ta kuma yi hakan da cikakken tabbaci. Gyaran ba shi da tsada. Kusa da gurbin ranar a buɗe wani da ke faɗin iyakar abin da aka sani: rana cikakkiya, wata da shekara, shekara kaɗai, ko ƙiyasi. A buɗe na uku da ke faɗin daga ina aka samo: takardar haihuwa, hukuncin kotu, katin awo, ko bakin uwa. Wurin nunawa kuma a nuna abin da aka sani kawai. In shekara kaɗai aka sani, a rubuta wajajen 2021. Abin da ba a sani ba gaba ɗaya a bar shi NULL. Kada a cika shi da sifili, don sifili a ƙirgen kwamfuta shi ne 1 ga Janairu 1970, ƙarfe 1 na dare a agogonmu, kuma duk wanda ya taɓa ganin jariri ɗan shekara 50 da ɗoriya a rahoto ya san daga ina ya fito. Ni a ganina mai manhajar da ya iya barin gurbi a buɗe ya fi wanda ya cika ko'ina ƙwarewa.

Sai batun rezo. Ma'aikaciya ta tafi Ɗan Saga ko wani ƙauyen Saye Sabuwa da KoboCollect a waya, ta yi aiki Litinin, ba ta samu turawa ba sai Alhamis da ta shigo gari. In gurbi ɗaya gare ku kuma uwar garke ce ke cika shi, duk aikin Litinin ya zama na Alhamis. In kuma kun dogara da waya kaɗai, kun dogara da abin da ba shi da tabbas. Wayar da batirinta ya mutu ƙurmus takan farka a wata tsohuwar shekara. Akwai wadda ta fi wannan ruɗarwa: wayar hannu-biyu da aka kawo daga Dubai ko Libiya, yankin lokacinta yana nan a kan na can, mai ita ya gyara awa da hannu har fuskar ta nuna daidai. Kowa ya kalla zai ce lafiya lau, amma UTC da take turawa ya kauce da awa 3 ko awa 1. Don haka gurbi biyu ake yi: lokacin da abin ya faru bisa faɗin waya, haɗe da tazarar da wayar ke ikirarin tana da ita daga UTC, da lokacin da ya iso bisa agogon uwar garke. In tazarar ba awa 1 ba ce alhali ma'aikaciyar tana Agye, manhaja ta yi mata gargaɗi tun kafin ta bar gari. A sha'anin kuɗi kuwa, wane biya ya riga wane, agogon uwar garke ne alƙali, ita ma a tabbatar tana daidaita kanta da NTP.

Abin da bai zo ba tukuna hukuncinsa daban. Taron da aka sa ƙarfe 10 na safe a Tsibirin Gobir wata 8 nan gaba, alkawari ne a kan agogon bango na Tsibiri. A ajiye ranar da awar kamar yadda aka faɗa, tare da sunan yankin, Africa/Niamey. Dalili shi ne gwamnatoci suna canza agogo in sun ga dama. Sudan ta ja nata baya da awa 1 a Nuwamba 2017. Maroko tun 2018 take kan agogo irin namu, amma duk azumi sai ta koma UTC. Masar ta dawo da canjin agogon bazara a 2023. Akwai kundin yankunan lokaci na IANA, wanda Paul Eggert ke kula da shi shekaru da dama, da ke bin diddigin irin waɗannan canje-canje, kuma kusan kowace waya da uwar garke daga gare shi take sha. Tun 2014 sunan Africa/Niamey a cikinsa yana nuni ne kawai zuwa Africa/Lagos, saboda agogon biyu bai saɓa ba tun 1970. Duk da haka ku rubuta Niamey. Ranar da ɗaya daga ƙasashen ta canza nata, masu kundin za su raba su, kuma wanda ya rubuta sunan da ya dace ba zai taɓa komai ba. Wanda ya dasa +1 a cikin manhajarsa kuwa sai ya bi layi-layi yana tono.

Ku tuna kuma masu amfani da aikinku ba duka ke gida ba. Ɗan ci-rani a Akara ko Abijan yana bayanmu da awa 1, na Libiya yana gabanmu da awa 1, alhaji a Makka yana gabanmu da awa 2. In saƙon tunatarwa zai je musu, a rubuta agogon wa ake nufi.

Lokacin salla ba a ajiye shi jadawali ɗaya a raba wa ƙasa, rana ce ke yanke shi. Tsakanin Gazawa da Gidan Rumji kaɗai akwai kusan minti 5 a faɗuwar rana, tsakanin Diffa da Yamai kuwa ya kai minti 40. Minti 5 a wurin mai azumi ba wasa ba ne. In kuma shugabar ƙungiyar mata ta ce taro bayan la'asar, ku ba ta gurbin da za ta rubuta bayan la'asar. Kowa a ƙauyen ya fahimci wannan fiye da 16:30, kuma shi ne ainihin alkawarin da aka yi.

Wanda ya riga ya tara bayanai a karkace, kada ya yi gaggawar ƙara awa ɗaya a kan komai. Ya fara kwafe rumbun gaba ɗaya ya ajiye gefe. Ya binciko ranar da aka sauya uwar garke da ranar da aka taɓa saitin agogo, don sau da yawa rabin layukan daidai suke, rabi ne suka kauce. Ya ɗauki rasit na takarda goma ko ashirin daga watanni daban-daban ya gwada da abin da ke ciki. Ya zuba gyararren lokaci a sabon gurbi, ya bar tsohon yadda yake. Sunan gurbin ma ya faɗi abin da ke cikinsa, a ga utc a jikinsa, don wanda zai gaje ku kada ya yi ta duba.

Kafin ku miƙa wa kowa aiki, ku yi masa jarrabawar dare. Ku shigar da ciniki ƙarfe 11:30, ku shigar da wani ƙarfe 12:30, ku duba kowanne ranar da ya faɗa. Ku gwada 31 ga Disamba da 29 ga Fabrairu 2028. Ku mayar da wayarku agogon Makka, sannan na New York, ku buɗe ranar haihuwar mutum ɗaya ku ga ko ta motsa. Ku yi ƙoƙarin rubuta tsohuwar da ba ta san ko shekararta ba, ku ga ko manhajar za ta karɓe ta. Wanda yake da aiki a hannun mutane yanzu haka, ya buɗe rumbunsa a daren nan ya ƙirga mutum nawa ne aka rubuta wa 1 ga Janairu, gobe ya je ya tambayi mai shigar da bayanan nawa ne a cikinsu na gaske.